Wayar da Ke Kan Darbejiyar Kalilu

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe 8:10 na safe

Shekara ashirin da uku ina cika irin littafin nan ta gaba: rana, lokaci, lambar wanda muka yi magana da shi, ƙasarsa, da yadda muryarsa ta iso. Yau na juya shi na fara ta baya. In har ya faɗa hannun wani, kuma yadda nake ganin idanun mutane ba abin mamaki ba ne, to ya karanta daga nan kafin ya yanke mini hukunci.

Sunana Saminu, mai gyaran rediyo da fanka a bakin kasuwar Daura. A ɗakin zaurena akwai rediyon da ake magana da shi, ba saurare kaɗai ba. Lasisin gwamnati yana rataye a bango, katunan da ke kewaye da shi daga Japan da Brazil da Italiya suka zo, mutanen da na gaisa da su ne ta iska. Kowa a unguwa ya san haka. Da can abin tsokana ne, wai Saminu mai hira da aljanu. Tun shekaranjiya babu mai tsokanata.

Asabar da yamma ina magana da Ma'aruf. Bahaushen Sudan ne, kakansa mutumin Zango ne da ya tafi hajji a ƙafa bai dawo ba. Shekara shida muna gaisawa kullum bayan la'asar, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Yaƙi ya iso garinsu, wayar salula ta mutu a can, rediyon nan ne kaɗai bakinsa. Ya ce zai fita da iyalinsa. Na tambaye shi su nawa ne, wace hanya za su bi, na ce kada su hau babban titi, su tashi kafin gari ya waye. Hira ta yi tsawo ban lura ba. Ashe Hafizu ladan ya kunna lasifikar masallaci yana jiran magariba, kuma tsohuwar na'urar nan tasa ta tsinci muryata. Duk abin da na faɗa unguwa ta ji daga saman hasumiya. Muryar Ma'aruf ba ta fito ba, tawa kaɗai.

Lahadi da asuba 'yan bindiga suka tare matafiya a hanyar Mashi.

Talata, 5 ga Agusta, ƙarfe 5:40 na yamma

Ma'aruf ya fito, minti biyu kacal, batirinsa ya yi sanyi. Gobe za su tashi, su goma sha ɗaya, a keken jaki, sun nufi iyakar Chadi. Rediyon yana cikin kaya. Ya ce in ci gaba da saurare a lokacin da muka saba, duk inda ya sami bishiyar da zai rataya waya zai kira, don in sanar da ƙanwarsa da ke aure a Kano. Na ce masa ko me ake ciki zai same ni a nan. Ban gaya masa abin da ake ciki ba.

Da safe na je wurin Hafizu da 'yan kayan aikina, na ce aikin minti goma ne in toshe wa na'urar tasa kunne. Ya tare ƙofa ya ce ba sai na wahalar da kaina ba. Mutumin da ni na haɗa masa lasifikar tun farko.

A shago wata mata ta zo ta karɓi fankarta ba a gyara ba.

Laraba, 6 ga Agusta, ƙarfe 1:15 na rana

Mai unguwa Yahya ya aiko. Na tafi da lasisi da littafin nan. Na tarar da zauren cike: shi, da liman, da samari uku na sintirin unguwa. Da Kalilu.

Kalilu maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, malami ɗaya ya dake mu. Ɗinkin hannu yake yi a manyan riguna, kuma duk garin nan babu mai yatsu irin nasa. Yana zaune a gefen mai unguwa yana kallon tabarma, sai ka ce yau ya fara ganin tabarma.

Na yi bayani. Na nuna shafin Asabar, ga lambar Ma'aruf, ga lokaci. Ɗaya daga cikin samarin ya juya littafin ya ce ai lambobi ne kawai, wa ya san ma'anarsu. Na ce wanda ya yi karatu. Bai kamata in faɗi haka ba, amma ban janye ba.

Mai unguwa ya ce, “Malam Saminu, ni ban ce ka yi komai ba. Amma mutane sun ji da kunnensu, kuma an binne mutum huɗu. Ka sauke ƙarafan nan na saman soro, ka huta da rediyo har ƙura ta lafa.”

Na ce, ranka ya daɗe, na ji. Na jira Kalilu ya buɗe baki ya ce ya san ni. Bai ce uffan ba.

Alhamis, 7 ga Agusta, ƙarfe 7:30 na safe

Na sauke gorar da ƙarafanta a gaban kowa, a hankali, don masu kallo su ƙoshi. Wata huɗu na yi ina saita eriyar nan, in rage nan in ƙara can, kafin ta kai ni Japan. Yanzu tana jingine kusa da turken akuya.

Akwai kuma wata wayar eriya, ita kam ban sauke ta ba. Siririya ce, ta jan ƙarfe, da na warware daga naɗin wani tsohon inji, ƙafa sittin da shida. Ta fita ta wani ɗan rami a bayan ɗakin zaure, ta haye katanga, ta hau darbejiyar da ke farfajiyar Kalilu, inda yake zama ɗinki. A can na ɗaura mata wuyan kwalba, daga kwalbar igiya ta bi ta kan reshe ta sauko gindi. A ja igiya waya ta hau, a saki ta sauko. In tana sama sai mai nemanta ne zai gan ta. Da ita nake jin gabas. In ta tafi, Ma'aruf zai yi ta kira babu mai amsawa.

Mutum uku suka san da ita: ni, da matata Ummukulsum, da mai darbejiya.

Asabar, 9 ga Agusta, ƙarfe 5:35 na yamma

Ma'aruf bai fito ba. Kwana huɗu ke nan.

Kalilu ma bai fito dakali ba tun Laraba. Shekara talatin muna zama a kansa tsakanin magariba da isha, yana zagin rediyona ina zagin tabaraunsa. Jiya na zauna ni kaɗai, masu wucewa suna tsallaka titi su bi ɗaya gefen.

Lahadi, 10 ga Agusta, ƙarfe 6:40 na safe

Bayan asuba Kalilu ya biyo ni daga masallaci, sai da mutane suka watse sannan ya matso. Ko gaisuwar kirki babu. Ya tambaye ni wai har yanzu lokutana suna nan yadda suke, daga asuba zuwa bakwai, sannan daga la'asar zuwa biyar da rabi? Na ce me ya kawo tambayar. Ya ce tambaya ce kawai. Ya sake cewa, tsakanin nan ba ka taɓa shi ko? Na ce tsakanin nan ina shago, ko ya manta ina da sana'a.

Ya ce to, ya wuce.

Shekara ashirin da uku bai taɓa damuwa da ƙarfe nawa nake kunnawa ba. Yanzu yana so ya sani har da rabin awa. Wa ya aiko shi?

Talata, 12 ga Agusta, ƙarfe 6:05 na yamma

Akwai wani ɗan ma'auni tsakanin rediyo da waya. In tsawon waya ya dace, tsinkensa kwanciya yake yi a hagu, duk ƙarfin ya tafi sama. In bai dace ba sai ya miƙe, ƙarfi ya riƙa dawowa gida. Shekara biyu yana kwance. Yau ya miƙe.

Na duba filogi, na duba batir, na kankare mahaɗa. Ba su ba ne. Na bi zangon a hankali, sai na ga tsinken yana kwanciya can ƙasa da inda ya saba. Ma'anar wannan ɗaya ce: waya ta ƙara tsawo. Na jawo ta ta ramin na yanke inci uku, ya kwanta.

Ma'aruf bai fito ba.

Laraba, 13 ga Agusta, ƙarfe 5:30 na yamma

Bai fito ba. Wani ɗan Italiya ya yi ta kira, ban tanka ba.

Alhamis, 14 ga Agusta, ƙarfe 6:10 na yamma

Ta sake tsawo. Inci biyu.

Waya ba kabewa ba ce da za ta yi yaɗo da damina. Ko dai ana ƙara mata wani abu a can ƙarshen, ko ana jan ta. Na yini a shago ina juya abin. In yanke ta suke so, almakashi ɗaya ya isa. Ba su yanke ba. Ke nan so suke ta zauna, su jona tasu a jikinta su ji abin da nake faɗa, ko su bar ta har ranar da za su kawo hukuma su nuna. Ko wanne ne daga ciki, sai an buɗe musu ƙofar zauren Kalilu.

Don in ga ko tana kaiwa, na amsa wa wani dattijo a Brazil da muka saba. Ya ce yana jina amma a raunane. Bara mutumin nan cewa ya yi kamar a ɗakinsa nake zaune.

Ummukulsum ta sake kwashe mini riguna, har wadda na sa sau ɗaya. Na ce wankin me ake yi haka a tsakiyar damina. Ta ce in ina son yawo da datti in faɗa. Ba ta kalle ni ba da ta faɗa.

Juma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe 6:50 na safe

Da aka idar da sallah na ga Kalilu ya bi mai unguwa, sai na shiga farfajiyarsa. Babu mai hana ni, darbejiyar nan tare muka dasa ta.

Ƙullin igiyar ba nawa ba ne. Ni sau biyu nake ƙullawa in soke bakin. Wannan ƙullin maɗinki ne, tsaf-tsaf, ja ɗaya ya kwance. Na sauke wayar na bi ta da yatsa. Wani farin abu ya bushe a jikinta wuri-wuri, kamar gari. Na shinshina, ba wari. Kusa da kwalbar na sami shuɗin zare ya maƙale. Na naɗe shi a takarda, yana cikin littafin nan.

Farin abin ne ya tsaya mini a rai. Na san ana shafa wa abu alama in ana so a gane shi daga nesa. Na san kuma akwai masu zuwa wurin 'yan tsibbu. Ban taɓa zaton Kalilu da ko ɗaya ba, amma ai ban taɓa zaton zai zauna a zauren can ya yi shiru ba.

Asabar, 16 ga Agusta, ƙarfe 2:00 na rana

Wani mutum da ban sani ba ya tsaya da babur a ƙofar shago, ya zaro rediyon oba-oba daga aljihu ya ce in duba masa, wai an ce ni ne gwanin irinsa. Na ce wa ya ce. Ya ce mutane. Na ce ni fanka nake gyarawa, ko hannu ban kai ba. Da ya tafi na leƙa, mai shayin tsallake da mutanensa duk nan suke kallo.

Watakila maigadin wata makaranta ne da abinsa ya lalace. Watakila kuma jira ake in karɓa. Yanzu ko kaza ta shigo shagon nan sai na duba wa ya koro ta.

Na ji kalmar infoma a bayana da na je alwala. Ban juya ba.

Lahadi, 17 ga Agusta, ƙarfe 5:45 na yamma

Na gwada in rabu da darbejiyarsa. Na zagaya wata waya a cikin ɗaki ta bin azara, na gwada jonawa da kwanon rumfa, har gadon ƙarfen da ke jingine na jona. Da wayar ɗaki na ji Legas da kyar, da kwano na ji injin markaɗen bayan layi. Gabas ko tari. Dole na mayar da ta waje.

Inci ɗaya da rabi. Bai fito ba.

Yayan Ummukulsum ya bugo daga garin Babban Mutum, wai ko za ta zo ta kwana biyu. Har can magana ta kai. Ta ce masa babu inda za ta.

Litinin, 18 ga Agusta, ƙarfe 5:55 na yamma

Na ji Ma'aruf. Biyar saura kwata, a ƙarƙashin ƙarar hadari, murya ta ambaci sunana sau biyu, da Hausar nan tasa irin ta tsofaffi. Na danna na amsa, tsinke ya miƙe tsaye, rediyo ya rage ƙarfinsa da kansa don kada ya ƙone. Na jawo waya na yanke, kafin in jona an ci minti huɗu. Shiru.

Kwana goma sha biyu mutum yana jan yara a daji, ya sami bishiya, ya hau, ya ƙona ɗan batirin da ya rage ya kira ni, ni kuma ina nan ina yankan waya saboda wani munafuki yana wasa da ita.

Na fita tsakar gida na tambayi Ummukulsum wa take gani a katanga in ba na nan. Ta ce ita ba gadin katanga aka kawo ta ba. Na gaya mata wata magana da ba zan rubuta a nan ba. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa gaya mata irinta ba. Ta ajiye muciya ta shige ɗaki.

Talata, 19 ga Agusta, ƙarfe 7:05 na safe

Abin da duk mai wannan aiki ya sani: in ana magana, ƙarshen waya wuta ne. Shi ya sa ake sa kwalba, shi ya sa ake kai ta sama. Ba ta jefar da mutum kamar wutar gida. Ci take yi, a ɗan wuri kaɗan, ta shige ciki.

Na rubuta ne kawai don ya faɗo mini a rai.

Talata, ƙarfe 5:30 na yamma

Bai fito ba.

Laraba, 20 ga Agusta, ƙarfe 11:50 na safe

Na bar shago ƙarfe goma. Na shiga ɗakin zaure ta ƙofar waje, ban yi sallama ba, cikin gida ba su san na dawo ba. Na kunna a hankali. Shuuu ɗin da na saba ji ya ragu rabi, wato waya tana ƙasa. Na cire ƙaramin rediyon na jona tsohon, mai kwalabe, wanda ba ya rage ƙarfinsa don kowa. Na bar shi ya yi ɗumi.

Wajen sha ɗaya sai ga ƙaras-ƙaras a lasifika, irin wanda ake ji in hannu yana kan waya. Ya tsaya, ya dawo, ya tsaya, ya dawo.

Zan iya fita in leƙa ta katanga. Taku goma sha biyu ne.

Na murɗa ƙarfinsa har ƙarshe. Na danna.

Ban ji komai ba. An yi ƙarar bokiti, shi ke nan. Bokiti kuwa ko akuya tana ture shi.

Laraba, ƙarfe 5:20 na yamma

Wayar ba ta koma sama ba. Daga tsakar gida ina ganinta kwance a kan katanga. Ban kunna ba. Ummukulsum ta shiga maƙwabta tun azahar, ta dawo idonta ja, ta ajiye mini abinci.

Alhamis, 21 ga Agusta, ƙarfe 6:30 na safe

Kalilu ya zo asuba da hannun dama a naɗe, babban yatsa da manuni. Liman ya tambaye shi, na ji ya ce dutsen guga ne, garwashi ya zubo.

To. Na kama ɓarawona. Ga zare, ga ƙulli, ga hannu. Babu alƙalin da zai nemi ƙarin shaida.

Na zaci zan ji sanyi a raina. Koko ma na kasa sha.

Abin da ban gane ba, me ya hana shi cewa wayar Saminu ce? Mai unguwa yana sahun gaba. Kalma ɗaya ta isa.

Juma'a, 22 ga Agusta, ƙarfe 5:30 na yamma

Waya tana ƙasa. Ko ya kira ban sani ba.

Asabar, 23 ga Agusta, ƙarfe 2:30 na rana

Na ce wa Ummukulsum yau zan shiga in kwance abata, tunda maƙwabci ya zama ɗan rahoto. Tana tsintar shinkafa. Ta ture tiren gefe.

“Malam, kai dai ka iya jin Japan,” ta ce. “Bayan katangarka ne ba ka ji.”

Ta ce washegarin da na sauke gora samarin sintiri sun shiga wurin Kalilu, ɗaya ya ɗaga kai ya ga kwalba tana ƙyalli. Kalilu ya ce igiyar shanyarsa ce, a ƙusa take ɗaure ta bayan katanga, yana ɗaga ta da yamma ne don kada ta shaƙe mai wucewa. Ba su gamsu ba, suka ce za su riƙa leƙowa. Sai ya je gaban mai unguwa ya ce shi ya tsaya mini, rediyona ya mutu tun da aka sauke ƙarafa, in aka sami akasin haka a kama shi tare da ni. Tun ranar, ina fita shago sai ya sauke waya ya shanya jiƙaƙƙun riguna, kafin la'asar ya kwashe ya ɗaga. Ran da ba shi da wanki, nawa take miƙa masa ta katanga. Farin abin sitaci ne. Babbar riga jiƙaƙƙiya kuwa, ko wayar da ta fi wannan kauri sai ta miƙe.

Ni da na yi shekara arba'in ina taɓa jan ƙarfe, ban kawo nauyi a raina ba. Tsibbu na kawo.

Na ce me ya hana su gaya mini. Ta ce Kalilu ne ya hana, wai ya san halina, da na ji sai in ɗauki lasisi in tafi zauren mai unguwa in koya musu karatu, in ƙare a hannun 'yan sanda. Dakali kuma ya bari ne don kada a ce bakinmu ɗaya.

Sannan ta ce, “Shi cewa ya yi kuskure ne, ka dawo ɗaukar wani abu ka taɓa. Ni ban ce komai ba.” Ta jawo tirenta ta ci gaba da tsinta.

Lahadi, 24 ga Agusta, ƙarfe 9:00 na safe

Sau biyu ina kaiwa ƙofar zaurensa ina dawowa.

Litinin, 25 ga Agusta, ƙarfe 5:50 na yamma

Na shiga wajen uku da rabi. Yana kan tabarma a gindin darbejiya, hannun a kan cinya, wata farar riga a gefe da allura soke a wuyanta, aikin ya kai rabi. Riguna uku suna kan wayata tun Laraba, ruwa ya dake su, sun bushe, ya sake dukan su. Da hannu ɗaya bai iya jan igiyar ba, kuma bai yarda kowa a gidansa ya matsa kusa ba.

Na yi masa sannu da jiki. Ya ce da sauƙi. Ya kwance ƙyallen don wurin ya sha iska, na gani. Ramuka biyu ne ƙanana, fari a tsakiya, baƙi a gefe. Manuni ya kumbura ya ƙi lanƙwasa.

Na shiryo magana tun daga gida, mai kyau, har da cewa batir na dawo dubawa. Da na buɗe baki sai na ce, “Kalilu, ba kuskure ba ne. Na ji hannu a kanta, na danna.”

Ya kalli yatsan.

“Na sani,” ya ce. “Sha ɗaya ba lokacinka ba ne. Kuma da kuskure ne da ka saki da wuri.”

Na ce ban san cewa shi ne ba. Ya ce to wa nake zato, a cikin gidansa? Shi kuwa nake zato. Kunya irin ta yau ban taɓa ji ba.

Na ce zan kwance ta yanzu in naɗe, in kai wa mai unguwa da hannuna in faɗi gaskiya. Nan ne ransa ya ɓaci. Ya ce in na yi haka shi na mayar maƙaryaci a gaban unguwa, yatsansa kuma ya tafi a banza.

“Kwashe rigunan nan ka ja igiya,” ya ce. “An kusa kiran la'asar, mutumin naka yana can yana nema.”

Na kwashe, na ja, na ƙulla. Ya ce wannan ƙullin ɗaure jaki ne, in kwance in sake.

Bai fito ba.

Alhamis, 28 ga Agusta, ƙarfe 6:00 na yamma

Yanzu ni ke shanya. Bakwai da rabi in shiga in sauke waya in baza riguna, uku da rabi in dawo in kwashe. Marasa nauyi nake zaɓa, kuma kafin in fita sai na zare wayar daga rediyo na sa filogin a aljihu. Jiya ɗaya daga samarin sintiri ya leƙo ya tarar da ni ina matse riga. Na ce ina taya maƙwabci ne, ya ƙone. Ya ce Allah ya ba da lada. Na kasa cewa amin.

Na kai Kalilu asibiti ran Talata. Likita ya ce babban yatsa zai warke. Manuni kuwa ya ce a ba shi lokaci, kuma takarda yake kallo da ya faɗa. Mai farar rigar ya aiko a ba shi kayansa ya kai wa wani maɗinkin. Kalilu ya roƙi sati biyu.

Na ba Ummukulsum haƙuri. Ta ce ta ji. Ji kawai ta ce.

Bai fito ba. Ƙanwarsa ta bugo daga Kano, na ce ta ci gaba da addu'a.

Lahadi, 31 ga Agusta, ƙarfe 7:10 na yamma

Biyar saura minti goma ya fito, ras, kamar daga Zango yake magana. Ya kira lambata sau uku. Makirfo yana hannuna. Ni na ɗaga wayar da kaina, ni na ƙulla, na san tana sama, amma yatsana ya ƙi dannawa. Na fita tsakar gida da gudu na kira Kalilu ta katanga, na ce kana ina.

“Ina kan tabarma,” ya ce. “Hannuna biyu suna kan cinyata. Je ka amsa wa bawan Allah.”

Sun tsallaka iyaka ran Alhamis. Su goma. Ban tambayi waye ba, shi ma bai faɗa ba, ya ce dai in gaya wa ƙanwarsa yana raye, sauran zai faɗa mata da bakinsa. Ya ce ran sha takwas ga wata ya kira ya ji kamar an amsa, ɗan wannan ne ya hana shi jefar da rediyon lokacin da jaki ya gaza. Ya tambayi mutanen gida da maƙwabta. Na ce kowa lafiya.

Na zagaya in gaya wa Kalilu. Sallamar tawa ba ta fito da ƙarfi ba, bai ji ba. Na same shi da farar rigar a cinya, allura a hannun hagu, yana laluben inda ya tsaya. Ya soka, ta fito a karkace, ya zare, ya sake sokawa. Da ya ji takuna sai ya tura rigar ƙarƙashin tabarma, ya ɗago yana murmushi, ya ce to yaya, an same shi?

Na ce an same shi. Ya ce alhamdu lillahi, ya matsa ya ba ni wuri. Na zauna, rigar tana tokarina ta ƙasan tabarma, har aka kira magariba babu wanda ya ambace ta.